Yadda Za Ka Ziyarci Yellowknife, Garin Bakin Tafki a Ƙuryar Arewacin Kanada

Numfashin farko da na ja a ƙofar filin jirgin Yellowknife, cikin watan Fabrairu, sai na ji gashin hancina ya ƙage kamar an shafa masa danƙo. Tari ya turnuƙe ni. Direban tasi ya ce in rufe baki da mayafi, in riƙa shaƙar iska a hankali ta hanci. A hanyar shiga gari na ga motoci a fake, kowacce da igiyar lantarki ta fito daga gabanta an jona ta da bango kamar waya a caji, don kada injin ya sandare kafin safe. Nan na gane hunturun Kano da sanyin Jos ba su koya mini komai game da wannan wuri ba.

Yellowknife, ana furta shi Yelonaif, shi ne babban birnin yankin Northwest Territories tun 1967. Mutanensa sun ɗan haura 20,000. Yana zaune a gaɓar arewa ta tafkin Great Slave, wanda ya fi kowane tafki zurfi a Arewacin Amurka, har mita 614. Sunan garin na al'ummar Dene ne na yankin, waɗanda aka sani da wuƙaƙen tagulla tun kafin zuwan Turawa. Akasarin baƙi abu ɗaya ke kai su: hasken nan mai launin kore da ke rawa a sama da dare, wanda ake kira orora. Ni ma shi ya kai ni. Abin da zan fi nanata maka shi ne, sama ba ta yi wa kowa alƙawarin dare ba, don haka duk shirinka ya ginu a kan samun isassun kwanaki da isasshen ɗumi na jira.

Fara da zaɓen lokaci

Kafin ka taɓa maganar biza, tsayar da wata. Lokutan ganin hasken biyu ne: daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, sai daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Afrilu. Oktoba da farkon Nuwamba ka bar su. Tafkin bai gama daskarewa ba, tururinsa yana tara gajimare, kana iya yin mako ba ka ga tauraro ba. Yuni da Yuli kuwa rana tana kai awa 20 a sama, sauran awannin ma ba duhu ba ne, kamar bayan faɗuwar rana ne da ya ƙi wucewa. Wanda ya je a lokacin zai sha kamun kifi da yawon kwale-kwale da bikin kiɗa na Folk on the Rocks da ake yi a Yuli, zai kuma sha cizon sauro mai yawan gaske, ko da yake ba ya sa zazzaɓin maleriya. Orora dai ba zai gani ba.

Janairu shi ne uban sanyi. Matsakaicinsa yana wajen digiri 26 ƙasa da sifili, kuma saukarsa zuwa 40 ba labari ba ne a can. In da ni za ka tambaya, ka je a Maris. Sama takan washe, rana ta ƙara tsawo, sanyi ya ɗan sassauta, tafki kuma yana nan daskare da ƙarfinsa. A watan ne ake bikin Snowking, inda ake gina katafariyar fada da dusar ƙanƙara a kan tafkin, mutane na shiga ciki ana wasanni. Wanda kuma jikinsa ba ya son sanyi ko kaɗan, ko mai asma, ko dattijo, Satumba ce tasa: rigar sanyi mai kauri ta isa, kuma hasken yana faɗowa a kan ruwan tafki ka gan shi biyu, sama da ƙasa.

Akwai wani lissafi da mu ya fi wa sauƙi, wato na wata. Farin wata a kan dusar ƙanƙara yana haska gari kamar asuba, yana dusashe orora mara ƙarfi. Duba kalandar Musulunci ka sa tafiyarka ta faɗo daga wajen 25 ga wata zuwa 5 ga sabon wata. Haske mai ƙarfi ana ganinsa ko a daren sha huɗu, amma wanda ya ƙetare rabin duniya bai kamata ya bar wannan ga sa'a ba.

Biza da hanya

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana ko Kamaru sai da bizar ziyara. Ana cike takardun ta intanet a shafin hukumar shige da fice ta Kanada. Kuɗin neman biza dalar Kanada 100 ne, na ɗaukar hoto da zanen yatsu kuma 85, kuma a Najeriya ana yin wannan a Abuja da Legas. Amsa takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, saboda haka ka fara da wuri, kada kuma ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Abin da jami'in ke nema ya gani shi ne kana da kuɗin tafiyar, kana kuma da abin da zai dawo da kai gida: aiki, kasuwanci, iyali. Rubuta tsarin tafiyarka dalla-dalla, kwana nawa, wane masauki. Ka guji dillalan da ke cewa za su “gyara” maka takardar banki. Takardar bogi ɗaya tana jawo haramcin shiga Kanada na shekara 5.

Wajen sayen tikiti, kauce wa hanyar da ta bi ta Amurka, domin ko sauka kawai za ka yi ka canza jirgi, sai da bizarsu. Ta Addis Ababa ko Istanbul ko Turai ana isa Toronto da sauran manyan biranen Kanada. Daga nan ka nufi Edmonton ko Calgary ko Vancouver, inda jiragen Air Canada, WestJet ko Canadian North ke tashi zuwa Yellowknife. Daga Edmonton bai cika awa biyu ba. A filin jirgin farko da ka sauka a Kanada za a yi maka binciken shige da fice da na kwastam, don haka ka bar tazarar awa uku ko huɗu kafin jirgi na gaba.

Jirgin ƙasa na fasinja ba ya zuwa. Hanyar mota akwai, wajen kilomita 1,500 daga Edmonton, ta kan gadar Deh Cho da aka buɗe a 2012 a kan kogin Mackenzie. Bayan gadar akwai tafiyar fiye da kilomita 200 babu gidan mai, ga ɓaunaye irin na can suna tsayawa a tsakiyar titi. Baƙon da bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, kada ya fara koyo a nan.

Abin da za ka zuba a jaka

Kilishi da dambun nama su zauna a gida. Kanada ba ta yarda a shigar mata da nama daga ƙasashenmu ba, kuma duk abincin da ka riƙo, ko yaji ne ko garin kunu, dole ka bayyana shi. Wanda ya bayyana, iyaka a karɓe abin da bai halatta ba. Wanda ya ɓoye, tara ce mai zafi. Kuɗin hannu in sun kai dalar Kanada 10,000 su ma sai an bayyana. Ka sayi inshorar lafiya ta matafiya, don baƙo shi ke biyan kuɗin asibitinsa. Ka riƙe kan soket irin nasu, mai baki biyu masu faɗi, da katin banki da ka tabbata yana aiki a waje.

Yanzu maganar tufafi, kuma a nan zan daɗe, don nan ne tafiyar ke gyaruwa ko ta lalace. Kada ka ɓarnatar da kuɗi wajen sayen babbar rigar sanyi a gida ko a Dubai. A Yellowknife akwai masu ba da hayar kayan gaba ɗaya: babbar riga mai hula, wandon dusar ƙanƙara, takalman da aka yi don digiri 40 ƙasa da sifili, da safar hannu. Wasunsu har masauki suke kawowa. Ka yi oda tun kana gida, ka aika musu da awonka. Abin da ya rage a kanka shi ne na ciki.

Na ciki hawa-hawa ake sawa. Wanda ke manne da fata ya zama na ulu ko na zaren roba mai tsotse gumi, riga da wando. A kansa ka ɗora suwaita mai kauri, sannan kayan haya. Auduga ita ce abokiyar gaba: tana shan gumi ta riƙe, gumin ya yi sanyi a jikinka. Wannan ya haɗa da singileti, da shadda, da safar auduga. Kaftaninka ka ajiye shi don cikin ɗaki ko masallaci. Safar ƙafa ta ulu guda ɗaya mai kauri a kan siririya ta fi guda huɗu da za su matse yatsu su hana jini gudu. Safar hannu ma biyu: siririya mai yatsu a ciki, sai babba mara yatsu a waje. 'Yar'uwa mai hijabi, ki sa hular ulu a ƙarƙashinsa, ki zaɓi hijabin da ba na auduga ba, ki kuma cire 'yan kunne da awarwaron ƙarfe kafin fita, don ƙarfe yana ɗaukar sanyi ya ƙona fata.

Iskar can busasshiya ce fiye da ta hunturu. Man kaɗanya yana aiki sosai a leɓe da hannu da dugadugai. Batirin waya kuwa yakan mutu cikin 'yan mintoci a waje, sai ka riƙa ajiye ta a aljihun ciki kusa da ƙirji.

Ka san alamar cizon sanyi. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce idan sanyi haɗe da iska ya kai 40 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 5 zuwa 10. Wurin yakan yi fari ko toka-toka, ya yi tauri, ya daina jin taɓi. A fatarmu ba kullum ake saurin ganin sauyin launin ba, don haka rashin jin ya fi zama abin lura. Kada ka murza wurin, kada ka kanga shi a wuta. Shiga ɗaki, ka ɗumama shi a hankali da tafin hannu ko ruwa mai ɗumi-ɗumi. Lambar gaggawa 911 ce.

Kwana nawa, kuma ina

Dare uku shi ne mafi ƙanƙanta. Huɗu ko biyar ya fi. Masu harkar yawon buɗe ido na yankin suna cewa ana iya ganin hasken har dare 240 a shekara, domin garin yana daidai ƙarƙashin zoben da orora ke kewayawa, ga shi nesa da teku, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya. Amma gajimare ba ruwansa da wannan lissafi. Ni darena biyu na farko sama a rufe take ruf, na koma masauki ƙarfe biyu na dare ba abin da na gani sai hayaƙin bakina. Wasu da muka fita tare washegari jirginsu ya tashi.

Otal-otal suna tsakiyar gari kusa da titin Franklin, gidajen saukar baƙi kuma sun fi yawa a Tsohon Gari, bakin ruwa. In ka samu ɗaki mai kicin ka kama, don komai na garin da tsada, kusan duk kayan masarufi daga kudu ake ɗauko su a manyan motoci. Harajin sayayya kashi 5 ne cikin 100, kuma ba ya cikin farashin da aka manna. A gidan abinci ana barin tukwici kamar kashi 15 zuwa 20, can al'ada ce da ake sa rai. Kifin tafki shi ne rufin asirin Musulmi: sabo ne, mai daɗi. Sai dai ka tambaya, don wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin kafin a soya. Ka ce a gasa maka ko a soya haka nan.

Daren fita

Hanya biyu ce. Ko dai ka je sansani na dindindin a bayan gari, irin su Aurora Village, inda akwai tantuna masu murhu da shayi, kana fita kana dawowa ka sha ɗumi. Ko kuma ka bi masu yawo da mota, waɗanda ke duba taswirar gajimare su bi hanyar Ingraham Trail suna neman inda sama ta buɗe. Mai yara ko mai saurin jin sanyi, sansani ya fi masa. A daren da gajimare ya yi ratsi-ratsi, masu mota sun fi sa'a. Ni na haɗa biyun, kuma haka nake ba da shawara. Ana ɗaukar mutane wajen ƙarfe tara ko goma, a dawo ɗaya ko biyu. Ka yi barcin rana, musamman da yake agogon can yana bayan na Najeriya da awa bakwai zuwa takwas.

Abin da ke faruwa a sama shi ne, rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar da ke sama da kilomita 100 daga ƙasa. Iskar oksijin ce ke ba da kore, a can sama sosai kuma ja. Naitirojin ke ba da shuɗi da shunayya a gefe-gefe.

A dare na uku, muna tsaye a kan wani daskararren tafki, na fara ganin wani abu fari-fari kamar siririn gajimare ya ratsa sama daga gabas zuwa yamma. Na ɗauka gajimaren ne. Jagoranmu ya ce in duba da kyau, ana hango taurari ta cikinsa. Bayan kamar minti ashirin sai ya kore, ya tsage gida uku, ya fara kaɗawa kamar labulen da iska ta shiga, gefensa na ƙasa yana walƙiya da ruwan hoda. Babu ƙara ko kaɗan, sai kukan dusar ƙanƙara a ƙarƙashin takalma. Tasbihi kawai na ji bakina yana yi. Ka sani cewa kyamara ta fi ido ganin launi, don tana tara haske na daƙiƙu. Kada hotunan intanet su sa ka raina abin da idonka ya gani a farkon dare. In za ka ɗauki hoto, ka kafa kyamarar a kan abin da ba ya motsi, ka kashe filasha, kada kuma ka haska fitila a fuskar mutane, ido yana daɗewa kafin ya saba da duhu.

Salla da azumi

Alƙibla a Yellowknife ba gabas take ba. Arewa ce, ka ɗan karkata dama, kamar digiri 24. Akwai ƙaramar al'ummar Musulmi da cibiyarsu a garin, ka neme su tun ranar farko don jadawalin lokuta da wurin Juma'a. A Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe goma ta faɗi wajen uku, sai azahar da la'asar da magariba su taru cikin abin da bai kai awa uku ba. A Yuni kuwa shafaƙi ba ya ɓacewa, shi ya sa malamai suka ba da fatawar a ƙaddara lokacin isha da asuba da gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana, ko da lokacin Makka. Ka yi wa malaminka wannan tambaya kafin ka taso, har da hukuncin ƙasaru da shafa a kan huffi. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, yinin ba shi da tsawon da zai wahalar.

Alwala a ɗaki ake yi, a goge jiki ya bushe sarai. Na taɓa fita da danshi a gemu, kafin in kai bakin titi ya zama ƙanƙara, fatar haɓata ta yini tana raɗaɗi.

Da rana kuma

Kada ka kwana har la'asar kullum ka bar garin bai san ka zo ba. Ka gangara Tsohon Gari, inda masu neman zinariya suka fara kafa bukkoki bayan an gano ta a 1934. Ka hau matakalar dutsen da aka kafa abin tunawa da matuƙan ƙananan jiragen daji. Daga can za ka hango gidajen da ke kan ruwa, masu launi-launi, waɗanda mazaunansu ke zuwa gari da kwale-kwale in ruwa ya narke, da ƙafa in ya daskare. Gidan abincin Wildcat, na gungumen itace tun 1937, yana nan, amma da zafi kawai yake buɗewa. Gidan tarihi na Prince of Wales yana da wani babban jirgin ruwa da mutanen Dene suka ɗinka da fatun mus, wata ƙatuwar dabbar daji dangin barewa, shi kaɗai ya isa dalilin zuwa. Kusa da shi majalisar dokoki take, mai wakilai 19, zaurenta a zagaye, kuma babu jam'iyya ko ɗaya: kowa da kansa yake tsayawa zaɓe, sannan su zaɓi firimiya a tsakaninsu.

Ka kuma san ɓangaren da ba a sa shi a tallar yawon buɗe ido. A bakin gari akwai mahaƙar zinariya ta Giant, wadda ta yi aiki daga 1948 zuwa 2004, ta bar tan 237,000 na ƙurar gubar arsenik a ƙarƙashin ƙasa, har yau gwamnati na aikin killace ta. Ƙasar farauta da tsintar 'ya'yan itace ce ta mutanen Dene aka ɓata. Saboda haka in ka ga allon gargaɗi a bakin wani tafki cewa kada a sha, kada a yi iyo, kada a ci kifinsa, ka bi. Ruwan famfon gari lafiyarsa lau. Mai zuwa da zafi ya riƙa bibiyar labarin gobarar daji: a Agustan 2023 an kwashe kusan duk mutanen garin na wajen mako uku.

Daga ƙarshe ka nemi wanda zai kai ka Dettah ta hanyar ƙanƙara. Ƙauyen Dene ne a ɗaya gefen ruwan, kilomita 27 ta kwalta, amma da sanyi ana share hanya a kan tafkin ta kamar kilomita 6, motoci na bi. Ma'aikata ne ke auna kaurin ƙanƙarar su buɗe ta su kuma rufe, don haka inda ba a share ba, ko inda 'yan gari ba sa bi, kada ka taka, musamman kusa da bakin kogi inda ruwa ke gudu a ƙasa. In direba ya tsaya a gefe, ka share dusar da hannu ka leƙa: baƙar ƙanƙara ce garai-garai kamar gilashi, da tsagogi farare suna nutsawa ƙasa har inda ido ya gaza. Dettah gari ne na mutane, ba wurin kallo ba. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum ko gidansa, in za ka sayi takalmin fata mai ɗinkin duwatsu ka saya a hannun masu yin sa ba tare da dogon ciniki ba. Godiya da harshensu “mahsi cho” ce.

Ranar komawa, ka mayar da kayan haya a masauki kamar yadda kuka yi da masu su, ka kira tasi ya tsaya a bakin ƙofa don ba ka da babbar riga yanzu. In hali ya yi, ka bar kwana ɗaya a Edmonton ko Calgary kafin babban jirginka na gida, domin hazo ko tsananin sanyi kan jinkirta tashin jirage daga arewa, kuma tikitin da ka saya daban-daban babu kamfanin da zai ɗauki nauyin wanda ya kuɓuce maka.